Tafintan Faifai

Ƙarfe uku na dare a Oulu,
ƙanƙara ta toshe tagar ɗakin ƙasa.
Aulikki ta cire safar hannu, ta hura yatsunta,
ta danna maɓalli.
Uwar garke ta yi gyaran murya, fankoki suka tashi,
fitilu ashirin da huɗu suka yi kore, bi da bi,
amma allo ya ce: babu faifai.

Babu?
Ga su nan a jere kamar haƙoran matsefi,
suna juyi, ɗuminsu na ratsa tafin hannunta.
A cikinsu akwai muryoyin tsofaffin Kareliya
da aka naɗa tun ba a haife ta ba,
masu kukan makoki, masu rarrashin jarirai,
wahalar shekara arba'in ta mutanen jami'a.

Jiya aka ɗora sabuwar manhaja,
tsaf da ita, amma ba ta san kowa ba.
Katin da ke riƙe da ragamar faifan tsoho ne,
madugu ne, ya san kowace kwana,
sai dai an cire harshensa daga littafi.
Wani, a wani gari, ya share layi dubu shida,
ya rubuta: ba mai kula da wannan.
Ba da ƙeta ya yi ba, shara ya yi.

Madugu na magana, manhaja ta yi zuru,
kurame biyu a kan gada ɗaya.
Abin da ya ɓata ɗan tafinta ne,
direban da bai taɓa riƙe sitiyari ba,
wanda ba a tuna shi sai ranar da ya yi fashi.

Ta tono tsohon rubutun. Can a samansa
ga suna: Veikko Hyvärinen,
da lambar waya, wai ko Allah zai sa.

Gari ya waye ba rana.
Wayar ta same shi a tsakiyar daskararren tafki,
zaune kan bokiti, ya huda rami yana jiran kifi.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Har yanzu yana raye?
Kamfanin da ya ƙera shi an sayar da shi sau uku,
na ƙarshen ma bai san ya gaje shi ba.
Saurara, yarinya. Katin nan maƙaryaci ne.
In kin tambaye shi ko ya shirya,
zai ce e tun bai ɗaura ɗamara ba.
Ki ba shi daƙiƙa biyu.
Wata shida na yi kafin na gane,
ban kuwa rubuta ko'ina ba."

Ta koma da kofi mai ɗaci da gutsuren baƙin burodi.
Ta ɗinka tsohon zance a jikin sabuwar riga,
ɗinki ya ɓarke. Ta sake. Ya ɓarke.
A karo na biyar ta tuna,
ta saka jiran nan, ta rubuta dalilinsa a gefe,
don na baya kada ya sha wata shida.

Ɗaya.
Biyu.

Faifai suka fara amsa suna
kamar 'yan aji da safe,
ban da na sha bakwai, wanda fitilarsa ta koma ja.
Sauran suka ɗauke masa kaya, ba wanda ya yi ƙorafi.

Kafin ta fara kwafe komai zuwa sabon rumbu
ta buɗe guda ɗaya, ta sa a kunne.
Wata tsohuwa ta ja numfashi a shekarar da ba ta sani ba,
agogon bango na bugawa a bayanta.

Aulikki ta koma saman rubutun.
Ƙarƙashin sunan Veikko akwai fili.
Ta daɗe tana kallonsa,
don ta san wanda ya sa suna, shi waya za ta tasa da dare.
Ta rubuta nata.